Gajere da Makarar Baba Ƙadri

Gajere ɗan dako ne a Tasawa, zamanin da gyaɗa ke tashe, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Sunan dai tsokana ce, don sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ni da shi muka yi dako a bakin ma'auni. In ya saɓa buhu sai ka ce tabarma ya ɗauko, mu kuwa muna ta nishi.

Ƙaba yake da ita, ya ɓoye. Wai kar a ce ƙato ya gaza. Ran nan a garinsu Maijirgi ta murɗe mashi hanji, yana ta amai, ciki ya kumbura. Dangi na shawarar jiƙo, maƙwabcinshi Baba Ƙadri, wani tsoho siriri, ya aza shi bisa jaki, ya tare kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a hanya. A asibitin Maraɗi aka buɗe cikin, aka yanke hanjin da ya ruɓe, aka ɗinke.

Lokotoro, likitan da ya yi aikin, ya ce, "Kar ka ɗauki abu mai nauyi har ɗinki ya kama. In ya ɓalle, kai da dako har abada."

To, abin mamaki, wannan mai taurin kan ya ji magana. Ko buta matarshi Ramatu ke miƙo mashi. Muka yi ta ce mashi mai jego, ya haɗiye.

Sai Allah ya yi wa Baba Ƙadri rasuwa. A garin nan ba a ɗaukar makara namiji ya tsaya yana kallo, balle ta wanda ya cece ka. Na riƙe rigarshi, na ce, "Gajere, ɗinkinka."

Ya ce, "Haba, tsohon nan me ya auna?"

Ya sa kafaɗa. Da yake ya fi kowa tsawo, nauyin duk ya koma kanshi. Kafin a kai kushewa riga ta jiƙe da jini.

An sake ɗinke shi, amma cikin bai koma daidai ba, ya turo gefe guda. Da rawani yake ɗaure shi. Ya ƙare rayuwarshi yana ɗinkin bakin buhu a zaune, yara suna saɓawa suna wucewa. Har yau abin na ci mani rai.

Ranar da Gajere ya cika ni na kama gaban makara. Wallahi bai kai buhu guda ba.