Kore Shar, Kuma Takin Baba Alu Ya Tafi

Ni dai har na bar aikin nan ba zan manta da ranar rabon taki a Dandin Mahe ba, damina biyu da suka wuce. Lokacin ina ƙaramin mai rubuta manhaja a wani ɗan kamfani a Bodinga. Mun yi wa ƙungiyar manoman albasa manhajar da kowa zai shiga da lambar sirri ya karɓi rabonsa.

Ga wanda bai sani ba, muna da na'urar da ke gwada duk layin da muka rubuta. In lafiya ta nuna kore, in da matsala ja. Ogana yana son koren nan kamar shi ya haife shi. Ɓangaren shiga kuwa kore shar, babu layin da ba a gwada ba.

Sai ga Baba Alu, dattijo mai gona a bakin fadama, an ce masa ai ya riga ya karɓa. Ko buhu bai gani ba, ga shuka tana jira. Ni aka tura, ni manoma suka kewaye.

Da na bincika, wani ne ya ce ya manta lambar sirri, ya amsa tambayar ceto, ya shige. Tambayar da oga ya kwafo daga intanet ita ce sunan ɗanka na fari. Na tambayi Baba abin da ya ba da.

"Ni in hwaɗi sunan ɗan fari? Wanga abu naku ba ya da kunya? Yaro nic ce."

Ashe duk dattawan haka suka ce ranar rajista, sakataren ƙungiya kuma ya rubuta "yaro". Kusan rabin ƙungiya makulli ɗaya! Na'urarmu kuwa da "Musa" muka gwada ta, ta ce madalla.

Na koma na faɗa wa oga, ya hau faɗa wai ƙauyanci ne. Na ce, "Yallaɓai, kai ya sunan naka na fari?"

Ya yi ta kallon silin, can ya ce, "Ai ka san shi."

A motarsa aka kai wa Baba Alu taki, muka cire tambayar. Tun daga nan in yara sun nuna mini kore, sai in ce su je su gwada da dattijo tukuna, don na'ura ba ta san kunya ba.