Labaran da Hoton Farin Bijimi

Labaran ba mai hoto ba ne tun asali. Gyaran keke ya iya, da shi yake ciyar da gidansa a Tudun Wada, a wata rumfar kara da ke bakin kasuwa. Siririn mutum ne marar hayaniya, mai zanen Barebari a kumatu, don kakansa daga gabas ya zo fataucin kanwa ya zauna. Wannan zane shi ke jawo masa tsokanar Fulani duk inda ya shiga, shi ma kuwa ba ya raga musu.

Akwatin ɗaukar hoton ya shigo hannunsa ne a shekarun nan na hamsin, lokacin da gyaɗa ke tashe. Wani akawun sayen gyaɗa da aka yi wa canjin wurin aiki ya kawo kekensa gyara, ya ga Labaran ya bar keken yana ta jujjuya baƙin akwatin da ke ɗaure a bayansa. Ya ce in yana so ya saya. Labaran ya yi ta tunani, daga baya ya sayar da tunkiya ya karɓa. Matarsa Zuwaira ta ce ita dai ba ta taɓa ganin akwatin da ya haihu ba, tunkiya kuwa ta gani.

Abin da akawun ya koya masa bai taka kara ya karya ba. Rana ta kasance a bayanka, ka riƙe akwatin a saitin cibiya, ka leƙa ta sama, ka ɗauke numfashi, ka danna, sannan ka murɗa. Sauran duk da ɓarna ya koya. Fim ɗinsa na farko, wasu sun fito ba kai, wasu kamar hayaƙi. Wani mahauci ma da ƙafa huɗu ya fito, don Labaran ya manta bai murɗa ba ya ɗauki wani a kansa. An daɗe ana dariyar wannan a rumfar mahauta.

Shi bai iya wankin hoto ba. In fim ya cika sai ya hau keke zuwa Kwanar Dangora, ya ba wani direban babbar mota ya kai wa wani Bayarabe mai shagon hoto a Sabon Garin Kano. Kafin hotuna su dawo sai a yi kusan wata. Hotunan sukan zo tare da baƙaƙen fim ɗin, waɗanda Labaran a lokacin bai san amfaninsu ba, sai ya rarraba wa yaran unguwa su riƙa kallon rana da su.

Yadda yake sayarwa kuwa, ba ya karɓar komai sai hoto ya fito. Yana da wani babban kwali da ya tsattsaga, ya soke kusurwoyin hotunan a jiki, ya rataye a reshen bishiya ranar kasuwa. Wanda ya ga kansa, in ya gamsu ya biya ya cire, in bai gamsu ba ya bar shi. Da haka ya riƙa zagaya kasuwannin ƙasar, Burumburum, Doguwa, har Kiru wani lokaci, akwatin hoto a wuya, kayan gyaran keke a baya, don kada a yi tafiyar banza.

A kasuwar Burumburum, gab da kaka, ya fara lura da wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono da man shanu. Ba ta shiga cikin masu kallo. Sai jama'a sun ragu take matsowa, ƙwarya a kai, ta tsaya a gefe kamar mai neman inuwa.

Labaran ya ce, "Inna, a ɗauke ki ne? Kada ma ki sauke ƙwaryar, da ita ya fi kyau."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Da tsufana in tsaya bawana yana leƙa ni ta rami?"

"Wane ne bawan? Ai ku muka saya, Inna, har da shanun."

"Kai dai ji da kanwarka, Babarbare."

Ta yi gaba abinta. Kasuwa ta zagayo ta sake zuwa, ta tsaya inda ta tsaya. Wannan karon ta nuna wani hoto da baki, ba ta ɗaga hannu ba.

"Wancan, na farin bijimin nan. Na sayarwa ne?"

Hoton wani makiyayi ne mai suna Buba, wanda Labaran ya ɗauka da damina a gindin duwatsun Doguwa. Ga Buba a tsaye, sanda a kafaɗa, hannu ɗaya a kan tozon wani farin bijimi mai dogayen ƙaho. A duk hotunan da Labaran ya taɓa ɗauka babu wanda ya fito tas kamarsa.

Ya ce, "Ayya Inna, wannan da mai shi. Na Buba ne, bai zo ya karɓa ba tukuna. Kin san shi?"

Ta kau da kai wajen masu sayar da tukwane. "Bijimin dai na sani."

Ta faɗi haka ta tafi. Labaran ya san yadda Bafulatani yake son saniya, sai ya ce a ransa tsohuwar nan ta yi wa bijimin nan hidima, bari ya faranta mata. Akwai saura a fim ɗinsa. Ya ɗauki keke ya bi hanyar daji har ya iske Buba a mashaya.

"Matsa gefe, Buba. Yau ba kai nake so ba, bijimin nake so shi kaɗai."

Buba ya ƙyalƙyale da dariya. "To, Babarbare ya fara hankali, ya gane wanda ya fi shi daraja."

A nan ne Buba ya gaya masa cewa tafiya ta kama shi. Da zarar an gama girbi, shi da dangin matarsa za su kora shanu zuwa ƙasar Mambila, inda aka ce ciyawa ba ta bushewa. Ba ƙaurar rani ba ce, zama za su yi. Ya ce Labaran ya ci gaba da ajiye masa hotonsa, don a ruga gara za ta cinye shi, zai karɓa a kasuwar da zai yi sallama. Yana so ya tafi da shi, 'ya'yansa su ga yadda yake a ƙasar da aka haife shi.

Da hoton bijimin ya dawo daga Kano, Labaran ya ajiye shi daban a aljihu. Tsohuwar na zuwa ya ciro ya miƙa mata da hannu biyu, yana jiran godiya.

Ta karɓa, ta duba. "Ya yi kyau. Allah ya yi albarka." Ta miƙo masa abinsa.

"Inna, ai dominki na ɗauka. Har mashaya na je."

"Ka sha wahala."

Ta sauke ƙwarya, ta ɗebo curin man shanu ta ɗora masa a ganye. Kafin ta ɗaga kayanta ya ga idonta ya koma kan kwalin, can sama inda hoton Buba yake, ya sauka da sauri.

Da ya koma gida ya ba Zuwaira man, ya ba ta labari, yana cewa shi kam halin Fulani ya fi ƙarfinsa. Zuwaira tana tankaɗe, ta tsaya.

"Wata doguwa, mai giɓi, mai baƙin zane?"

"Ita."

"Furera ke nan. Har nan cikin gida tana kawo nono. Malam, kai da kake leƙen mutane ta rami, ashe ba ka gani? Buban nan ɗan farinta ne."

Labaran ya zauna a kan turmi.

Ta ce, "Kai ka taɓa jin Innarka ta kira sunan ɗan farinta, Yaya Idi? Har ta rasu 'wancan' take ce masa. To nasu ya fi namu tsanani. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa. In ya shigo ta nan, ita ta fita ta can. Ban ce ta taɓa zama ta ƙare wa fuskarsa kallo ba. Yanzu ga shi zai tafi inda ba lalle ta sake ganinsa ba, kai kuma ka je ka kawo mata sa."

Labaran ya shiga lissafi. Sake ɗaukar Buba ba zai yiwu ba, fim ya ƙare, kafin a kawo wani an tafi. Baƙin fim ɗin hoton kuwa tuni yara suka yi wasa da shi, kuma sai bayan shekara ma ya ji cewa ana iya sake fitar da hoto daga jikinsa. Hoto ɗaya ne, mai shi yana so, wadda ta fi shi bukata kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta nema ba.

Zuwaira ta ce, "Ka ce masa ya ɓata mana."

Ya ce, "A'a. Amana ya ba ni."

"To ka gaya masa gaskiya."

"In ce masa uwarka tana son hotonka? In ta ji na faɗa, ta daina zuwa kasuwar ke nan. Shi ma ina zai sa kansa?"

Haka ya wuni yana gyaran taya, yana liƙe inda ba huda.

Ranar kasuwar sallama Buba ya zo da hantsi, ya sayi gishiri da kanwa da igiya, sannan ya biyo ta gindin bishiyar. Suka gaisa, suka taɓa tsokana kaɗan. Labaran ya cire hoton daga kwali, amma bai miƙa ba. Ya ciro na bijimin daga aljihu, ya jera su biyu a kan sirdin keke.

"Ga naka. Ga kuma na mutumin naka shi kaɗai."

Buba ya ɗauki nasa yana murmushi. "Kai, ashe haka nake da kyau."

"Bijimin ne ya rufa maka asiri." Labaran ya sunkuya kamar yana duba sarƙar keke. "Akwai ma wadda ta taya hoton nan. Wata dattijuwa mai nono, daga wajen rugarku. Ta ce bijimin take so. Na ɗauko mata shi shi kaɗai, ta ce ya yi kyau, ta mayar mini."

Buba bai tambayi ko wace ce ba. Murmushin ya tafi. Ya juya baya ga Labaran, ya tsaya yana kallon masu awon dawa, hoton a hannunsa. Labaran ya ci gaba da murza fedar keke, ƙafar baya tana ta juyawa a banza. Wani ya zo tambayar hotonsa, ya sallame shi, Buba bai motsa ba.

Can ya juyo, ya ajiye hoton a kan sirdi.

"Wannan aikin naka bai yi ba, Babarbare. Dubi yadda ka sa na runtse ido. In na kai wannan Mambila dariya za a yi mini."

"Rana ce."

"Ko ma mene ne, ba na so. Ba ni na bijimin. Wannan ka sayar wa duk mai so."

Ya biya na bijimin, ya naɗe shi a tsumma ya cusa a jakar fata. Ya ɗan yi tafiya ya dawo, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kada ka tsawwala mata." Daga nan ya saɓa sandarsa ya shige cikin jama'a.

Furera ba ta zo kasuwa ran nan ba, ba ta zo ta gaba ba. Labaran ya ji an ce shanun sun tashi. Bai mayar da hoton Buba kan kwali ba don kada wani ya taya, ya riƙa yawo da shi a aljihu. Sai a kasuwa ta uku ya hango ta, ƙwarya a kai, ta tsaya a wurin da ta saba. Idonta ya hau kwalin, ya tarar da gurbin babu komai. Ta juya za ta tafi.

"Inna! Hoton bijimin nan, mai shi ya ƙi shi. Ya ce aikina bai yi ba. In har yanzu kina so."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Abin da mai shi ya ƙi, shi za ka liƙa mini?"

"To ya zan yi? Kwantai ya yi."

Ta dawo ta sauke ƙwarya. Labaran ya so ya ba ta kyauta, amma ya gane in ya yi haka ya nuna ya sani. Sai ya faɗi kuɗi, ta ce ya yi tsada, ya rage, ta ce shi ɓarawo ne kamar kakansa, ya ce albarka, ta ƙara kaɗan, ya sallama. Ta kwance bakin zane ta biya. Da ya miƙa mata hoton ba ta dube shi ba, ta kife shi tsakanin faifai biyu, ta ɗora a kan ƙwarya, ta ɗauka.

Labaran ya bi ta da ido har ta fita daga kasuwa. A can bayan rumfunan, inda hanyar ruga ta rabu da ta mota, akwai wata tsamiya. Ta sauke kayanta a gindinta, ta waiga dama da hagu, ta zauna ta ba hanya baya. Ya ga hannunta ya ɗaga faifan sama.

Sai ya juya, ya gyara ratayar kwalinsa, ya ce da wani manomi da ke jira da sabuwar hula, "Zo nan, Malam. Fuskanci rana."