Kyanwar da ta kama tantabarar Harami

Ƙarfe shida da minti ashirin na safe, ranar Talata, kyanwata ta sauko daga saman benenmu na unguwar Zahir da tantabara a baki. Na san lokacin domin ina zaune a matakala ina bitar jarrabawa, agogo na gefena. Ta ajiye tsuntsuwar a kan littafina a hankali, ta zauna tana jiran yabo.

Maƙwabciyarmu ce ta bar min ita da za su koma Jidda. Ba irin bissar unguwa ba ce, kamar yadda ake kiran kyanwa a nan. An ce kakanninta kyanwar daji ce aka haɗa da ta gida. Jikinta zane-zane kamar damisa, kuma daga ƙasa take tsalle ɗaya ta dira kan firij ba tare da ta taɓa kofi ko ɗaya ba. Takan buɗe famfo da hannunta ta tsaya kallon ruwa. Ni da ba na son hayaniya, sai in rufe littafi in yi ta kallonta.

Tantabarar ba ta mutu ba, fiffike ɗaya ne ya ɓaci. Kakata, wadda ta shekara arba'in tana watsa wa tantabaru hatsi a saman benen, ta karɓe ta ta sa a kwali. Mahaifina ne ya yi magana.

"A cikin Harami muke. Tsuntsun nan ko korarsa ba a yi, balle kamu. Mako guda na ba ki. In ba ki sami dabara ba, zan kai kyanwar gonar abokina, can bayan iyakar Harami."

Na ce to. Na sayi sabon littafi na fara rubuta duk abin da na gwada.

Da farko na kulle ta a ɗakina. Kwana biyu tana kuka a bakin ƙofa, ta yage labule, ta daina cin abinci. Na tuna abin da aka karantar da mu tun muna yara kan matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, sai ni ma abincin ya ƙi shiga. Na sayo igiya na fita da ita layi bayan la'asar. Ko kantin kusurwa ba mu kai ba mutane suka fara ɗaga waya suna ɗaukar hoto, wani direba ya leƙo yana tambaya ko ta sayarwa ce. Ita tana taku kamar layin na ubanta ne. Ni kuwa na juyo gida fuskata na zafi a ƙarƙashin niƙabi.

Sai na ɗaura mata ƙararrawa a wuya. Ranar farko ta yi ta kaɗawa. A rana ta uku na ga ta ratsa falo, wuya a miƙe, kafaɗu a ƙasa, ko ƙis ba a ji ba. Na rubuta hakan, kuma ban ɓoye wa kaina cewa ta burge ni ba.

Ranar Litinin, saura kwana ɗaya, na hau sama bayan la'asar na sami Kaka tana watsa hatsi, kwalin nan a gefenta. Na miƙa mata littafin, domin rubutu ya fi min sauƙi a kan magana.

"Ke ƙawata, da wane idon zan karanta wannan tururuwar? Faɗa min da baki."

Na karanta mata shafi shida. Da na zo kan ƙararrawa ta yi dariya har da tari.

"Wallahi ta fi ki wayo. Duk wannan rubutu a kan 'yar damisa! Tantabarun fa, kin rubuta nasu?"

Na ce a'a.

"Yaushe suke zuwa?"

Ban sani ba. A gidan aka haife ni, amma ban taɓa lura ba.

"To zauna, ya binti, 'yata."

Muka zauna har inuwar dutse ta rufe unguwa. Kafin ladan ya kira magariba suka fara tashi rukuni-rukuni, suka nufi wajen kwanansu. Da aka idar da kiran salla babu ko ɗaya, sai ɓawon hatsi.

Na ce, "Kaka, to sau nawa zan riƙa barin kyanwar ta fito?"

Ta ɗauki kwalinta ta miƙe da ƙyar.

"Daga asuba zuwa faɗuwar rana saman nan na baƙina ne, ki rufe ƙofa. Ki yi sallarki ta magariba, ki hau da ita, ta yi tsallenta har a kira isha'i. Kullum, ba fashi, ke ma ki sha iska. Ubanki kuma ki bar ni da shi, ni na haife shi."