Jirgin Baba Ya Koma Ruwa

Shekara bakwai ke nan Binuwai yana cika yana janyewa babu mahaifina, Malam Sale masunci, a kansa. Allah ya jiƙansa da rahama. Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ya rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Abin da ya bar mana mai nauyi shi ne jirginsa na katako.

A cikin jirgin nan na san Garwa ta bayan gari. Idan an ba mu hutu yakan zaunar da ni a gaba, mu gangara har ƙarar motocin kan gada ta ɓace, sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga filafili. Kafin mu shiga kwanar da dorina ke kwana, yakan ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili. "Ba a shiga gidan mutane babu sallama," in ji shi. Ba mai yawan magana ba ne. Mukan wuni shiru, amma ban taɓa jin kaɗaici ba sai da shirun ya zama nawa ni ɗaya.

Bayan sadakar arba'in, ni da Inna muka sa aka ɗauko jirgin daga bakin kogi, aka ajiye shi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Yayyena maza duk sun bar sana'ar su, ɗaya yana tuƙi a hanyar Ngong, ɗaya yana kasuwanci a Kuseri. Mu kuwa ba mu son ganin wani a mazaunin Baba. A ciki nake karatu da yamma, a ciki na yi kukan da ban son Inna ta ji.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kogin yau. Masu haƙar yashi sun rarake gaɓar da yake shanya birgi, ragarsa ta kamun kifi. Wasu na kamun kifi da gidan sauro, suna kwashe har 'ya'yan ƙarfasa waɗanda shi yakan mayar ruwa yana ce musu su je su girma. Na san zai girgiza kai kawai. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne me zai ce da ya ga jirginsa.

Baffa Hamadu, abokin sunsa tun ƙuruciya, shi ya amsa mini. Ya zo gaishe mu a bazarar da ta wuce, ya shafa katakon, ya zura yatsa cikin wata tsaga da rana ta buɗe.

"'Yata, ƙishirwa ce ke kashe shi," ya ce. "In ya ƙara rani ɗaya a nan, sai dai itacen girki. Ba ni shi in kai shi gida."

"Baffa, ai nan ne gida."

"Gidanku dai."

Rashin sani ya fi dare duhu. Mun ɗauka muna adana shi, ashe jirgi kamar rai yake, dangin goro, ruwa ake ba shi. Inna ta ce magana tana hannuna. Na daɗe ina juyawa: in riƙe shi ya ruɓe ina kallo, ko in sake shi ya rayu nesa da ni.

Ranar da aka kai shi bakin kogi, Baffa ya toshe tsagogin da tsumma da kwalta, sannan ya loda masa duwatsu ya nutsar da shi a wuri marar zurfi, don katakon ya sha ruwa ya kumbura. Ban san haka ake yi ba. Na tsaya ina kallon ruwa yana rufe mazaunin Baba a hankali, sai na ji kamar jana'iza ta biyu. Baffa ya ce in yi haƙuri, zai taso.

Ya taso kuwa. Ɗan Baffa ne ke su da shi yanzu.

Tsakar gidanmu ta yi faɗi, har yau ciyawa ba ta fito inda jirgin ya kwanta ba. Wani lokaci da yamma nakan tsaya a kan gada in hango shi can ƙasa, ƙarami, da wani a mazaunin Baba. Ba ya juyowa, bai san ina nan ba. Amma idan ya doshi kwanar dorina kuma iska ta kwanta, ina jiyo ƙwanƙwasar filafili a jikin katako. Har yanzu jirgin yana sallama. Ni ce nake amsawa.