Rogon da aka dasa kai ƙasa

Jama'a, yau noman ƙauyenmu Adogi, kusa da Lafiya, ya fitar da ni kunya a gaban Turawa!

Kun san ina aikin kicin a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido. Yau muka tsaya a wani tsibiri, aka ba ni hutu. Wata tsohuwar fasinja mai son girkina ta ce in raka su wani wasa. Wai ana ɓoye ƙaramin gwangwani, waya ta kai ka kusa, sauran aikin na idonka ne.

Waya ta kai mu bakin wata gonar rogo. Su shida, sun juya duwatsu, sun leƙa kogon bishiya, babu! Ga jirgi ba ya jiran kowa. Mijin tsohuwar ya ce, "Mu haƙura, lokaci ya ƙure."

Na ce, "Oga, dakata."

Ga wata sandar rogo a gefe, idanunta da tsiro ke fitowa na kallon ƙasa! Wane manomi ne zai dasa rogo kai ƙasa? Da a gonarmu ne, da na sha ranƙwashin Baba. Na fizge ta. Ashe roba ce, gwangwanin na maƙale a gindinta!

Sai ihu! Matar ta ce, "Da wace manhaja ka gano shi?"

Na ce, "Madam, sunanta fartanya."

Akwai takarda a ciki, duk wanda ya gano sai ya rubuta garinsu. Ta miƙo mini biro. Na rubuta LAFIYA, sai da ya cinye layi uku! Da gudu muka kama jirgi.

Don Allah wani ya leƙa gidanmu ya gaya wa Baba, ranƙwashinsa ya ƙetare teku.