Randar Ƙofar Hajja

Aji uku na yi a makaranta kafin babana ya ja ni gonar auduga a Jazira, amma a layinmu na unguwar Alsawra a Umdurman aji ukun nan ya ishe ni zama babban masani. Duk wasiƙar da ta shigo layin ni ake kawo wa. In sa tabarau, in yi gyaran murya sau biyu, in karanta abin da na gane, sauran in cike da hankali. Layi ne shiru. Ba a taɓa jin kanmu ba, kuma muna alfahari da haka.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wani maƙeri da matarsa Hajja da 'yarsu. Hannun mutumin yana da nauyi, kuma ba ƙarfe kaɗai yake duka ba. Mukan ji ta katanga, mu ƙara wa rediyo murya. Wata safiya matar ta ce ya tafi Libiya neman aiki. A makon nan ta kafa randa a ƙofar gida, da moɗa ɗaure da igiya, don masu wucewa.

To, irin wannan randa sabil muke ce mata, kuma a layinmu don mamaci ake kafa ta, ladan ruwan ya same shi. Na tarar da ita tana cikawa.

"Hajja, wa ya rasu ba a kira ni cin sadaka ba?"

"Ka sha ko ka wuce, Alhaji."

Na sha. Ruwan da sanyi.

Duk shekara wasiƙa kan zo daga Libiya, a kawo mini in karanta a gaban matan layi. Babu kan sarki, takardar daga littafin makaranta aka yago ta, rubutun kuma sak na 'yarsu. Maƙerin da na sani da babban yatsa yake sa hannu. Na ce lallai Libiya ƙasar ilimi ce. Mata suka yi dariya, ban da Hajja. Akwai kuma lemun tsami da ta dasa a kusurwar tsakar gidanta. Kullum tana ba shi ruwa, amma daga nesa take watsawa, ba ta taka gindinsa. 'Ya'yan su nuna, su faɗi, su ruɓe a wurin. Shekara ashirin ina leƙen wannan asara ta kan katanga, ban ce komai ba, ni da ba a san ni da riƙe baki ba.

Da yaƙi ya zo, wani dattijo mai sayar da kayan yaji a Kasuwar Umdurman ya rasu a layinmu, maganin sukarinsa ya ƙare. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa saboda harbi. Liman ya ce a binne shi a cikin wani gida, kamar yadda ake yi a sauran unguwanni. Wani ya ce gidan Hajja ya fi fili, kuma gindin lemun nan ƙasar da laushi, ba za ta ba da wuya ba. Har an ɗauko shebur.

Hajja tana tsaye a jikin randarta. Moɗar na hannunta, ina jin tana bugun bakin randar, ƙas ƙas ƙas.

Na gyara tabarau. Na ce, "A matsayina na wanda ya yi karatu, ina sanar da jama'a cewa tsohon masai ne a ƙarƙashin lemun nan. Da idona na ga an haƙa shi. Musulmi za ku kwantar a kai?"

Liman ya nemi tsari. Na ce su zo gidana. Haka aka binne mai kayan yaji taku huɗu daga tagar ɗakinmu, matata kuwa ta yi wata guda ba ta ce mini ko sannu ba.

Daga baya 'yar Hajja, wadda ke aure a Gadarif, ta aiko mota. Hajja ta ƙi shiga sai da aka kira ni.

"Alhaji, randar nan. Kullum da safe."

"Nawa ne albashin?"

"Sai kuma lemun nan. Ka ba shi ruwa. Kada ka sha 'ya'yansa."

"Idan mutumin Libiya ya aiko wasiƙa fa?"

Ta dube ni har sai da na cire tabarau. Ta ce, "Ya daina rubutu." Ta shiga mota. A can ta rasu bara.

Da abubuwa suka lafa, wasu ma'aikata masu safar hannu suka zo kwashe waɗanda aka binne a gidaje, a mai da su maƙabarta. Suka tone na gidana. Babbansu ya buɗe littafi ya ce, "Baba, an ce kai ka san kowa a nan. Akwai saura a layin?"

Na dubi katangar. Na ce iyakar karatuna, babu.

Ya nemi ruwa, na kai shi randar Hajja, ya sha moɗa biyu ya yi wa mamacin gidan addu'a. Na ce amin.

Har yau ina cika ta. Rabin gidajen layin babu kowa, wani lokacin yini guda ba mai wucewa, amma duk safiya sai in tarar ruwan ya ragu kamar moɗa ɗaya. Matata ta ce randa ce, dole ta tsatsafo. Ni ma haka na ce mata. Moɗar ce dai nakan kife ta da yamma, in same ta a buɗe.