Awa Ukun da Na Riƙe Wayar Maƙwabciyata

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Maiduguri, kuma duk ƙarshen zango ni ake ɗora wa rubuta wasan kwaikwayon da ɗalibai za su yi. Ban cika son na barkwanci ba. Na fi son in leƙo ta bayan labule in ga iyaye suna share hawaye da bakin mayafi, kaina ya yi ta kumbura.

Dabarata ɗaya ce, kuma ina alfahari da ita. Idan kana so 'yan kallo su yi kuka, kada ka ɓoye musu masifar. Ka sanar da su tun da wuri, wanda za ta faɗa wa kuma ka bar shi yana ta farin ciki. A wannan shekarar na rubuta wani wasa da ake kiɗa da guɗa a cikin gida, uwa tana jiran ɗanta ya dawo daga tafiya, a ƙofa kuma mutum biyu suna tsaye da labarin rasuwarsa, kowa yana tura ɗan'uwansa ya fara shiga. Ɗalibar da ta fito a uwar kullum sai ta ɓata mini shi, don ta san ƙarshen, sai ta shigo tana langaɓe kai. Na yi mata tsawa har muryata ta dishe: "Ke ba ki san komai ba! Yi dariya! Masu kallo ne suka sani."

Wata Asabar, ana saura kwana huɗu a yi wasan, maigidana ya dawo daga sallar azahar ya tsaya a tsakar gida bai cire takalmi ba. Ya ce mijin maƙwabciyarmu ya rasu. Mutumin yana kai huluna Kano ya sayar, a hanyarsa ta dawowa motarsu ta yi haɗari bayan sun wuce Potiskum. Matarsa ba ta sani ba, ga shi tana da ciki wata bakwai.

A unguwarmu ta Bulumkutu, kamar ko'ina a garin nan, maƙwabci ba ya faɗa wa mace mutuwar mijinta. Sai manyanta sun zo sun zaunar da ita. An aika a ɗauko mahaifiyarta daga Maisandari, wan mijin kuma zai taho daga Ajilari bayan ya gama waya da mutanen da ke wurin gawar. Aikina shi ne in shiga in zauna da ita, in raba ta da wayarta kafin wani mai gaggawa ya kira ya yi mata ta'aziyya.

Na ce, "Ni? Ka rasa wadda za ka tura sai ni da bakina ba ya riƙe magana?"

Ya ce, "Ke ce ba za ta yi mamakin ganinki ba."

Gaskiya ya faɗa. Shekara shida katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita Babarbariya ce, ni iyayena daga Kano suka zo, kullum muna tsokanar juna. Ita ta koya mini haɗa turaren wuta, ni kuma ina gyara mata Hausa tana ƙin gyaruwa.

Na tarar da ita ta kifa kwando a kan kaskon turare, ta shimfiɗa farar rigar mijin a kai tana shan hayaƙi. Gidan ya sha shara, tukunya tana kan wuta.

"Wushe, Malama! Kin ji ƙamshi kin biyo, ko? Bakanuwa dai ba ta wuce abinci."

Na ce wayata ba caji, ta ara mini tata in kira makaranta. Ta miƙo ba ta ko dube ni ba. Na kashe ƙarar, na jefa ta aljihun rigata a ƙarƙashin hijabi. Ban kai ga zama ba ta fara motsi a jikin cinyata. Ta tsaya, ta sake farawa. Na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a tabarma, in tashi in leƙa tukunya, in je bakin ƙofa in dawo, duk keke napep ɗin da ya wuce sai in leƙa waje. Ta ce, "Yau kuma me ya cije ki?" Na ce tunanin wasan makaranta ne.

Ta zubo mini burabusko da miyar yakuwa, ta zuba na mijin a kula ta rufe, ta naɗe da tawul don kada ya huce. Ta zauna tana ba ni labarin ya yi mata alkawarin atamfa daga kasuwar Kwari ta Kano, ta san kuma kalar da ba ta so zai zaɓo. Ta kalli inuwar katanga ta yi tsaki tana murmushi.

"Tun ƙarfe ɗaya ya kamata ya kira. Wannan mutum, Malama, ko ranar mutuwarsa sai ya makara."

Da ɗaliba ce ta kawo mini wannan magana a rubuce, da na soke ta da jan biro na ce ta yi yawa. Ga shi an faɗa mini ita a fuska, da loma a bakina. Ta tsaya tana jiran in yi dariya kamar yadda na saba, sai na yi. Na ji haushin kaina, na ji haushin maigidana da ya turo ni, na ji haushin tsohuwar da ta ƙi isowa. Sau biyu maganar tana zuwa har bakina, in kalli cikinta in haɗiye. Na cinye abincin tas, don in na rage za ta tambaye ni dalili.

Ana kiran la'asar keke napep ya tsaya a ƙofa. Mahaifiyarta ta shigo, wan mijin yana biye da ita da hula a hannu. Maƙwabciyata ta miƙe da fara'a ta fara yi musu lale, sai ta tsaya a tsakiyar gaisuwar. Ta dubi tsohuwar, ta dubi wan mijin, sannan ta juyo ta dube ni. Na ciro wayar na ajiye a tabarma. Tsohuwar ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta yi mata magana da Barbarci a hankali. Ban tsaya na ji sauran ba.

Cikin bai samu matsala ba, ta haifi 'ya mace lafiya. Kowa a unguwa ya ce na kyauta, har da mahaifiyarta. Ita ce dai ba ta ce komai ba, sai ranar da na shiga na same ta ita kaɗai tana shayar da jaririyar.

Ta ce, "Malama, lokacin da kike cin abincin nan, kin riga kin sani?"

Na ce, "Na sani."

"Da kika yi dariya fa?"

"Na sani."

Ta shafa kan 'yarta. Ta ce, "Kowa ya ce tun kafin azahar ya rasu. Ni a wurina yana da rai har la'asar. Ke kika ba ni wannan. Amma har yanzu ban san ko godiya zan yi miki ba."

Muna nan muna zumunci, katangar ma tana nan. Ta daina tsokanata dai. In na shiga gidanta fuska a ɗaure, ba ta damuwa. Ranar da na shiga da fara'a kuwa, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ƙura mini ido, kafin ta amsa sallamata ta ce, "Malama, faɗa mini kawai. Wa ya rasu?"